Inna a Bayan Makirofo

Yayata mace ce da Allah ya ba murya ya hana ta kunne. Ba gulmarta nake yi ba, ko a gabanta na sha faɗa, sai dai ba ta ji, don a lokacin ita ma magana take yi. Mu biyu Inna ta haifa. Ita ce babba, ni ne auta, kuma ratar da ke tsakaninmu ta isa ta goya ni. Ta kuwa goya ni, har yau ba ta yarda ta sauke ni ba. Ga furfura a gemuna, ga shagona na gyaran firji, ga 'ya'yana sun tasa, amma idan muka shiga wurin likita tare aka tambaye ni inda ke yi mini ciwo, Yaya ce za ta amsa.

Ta fara aiki ne a teburin karɓar baƙi na wani kamfanin inshora, tana ɗaga waya. Daga nan aka mayar da ita sashen sauraron koke-koken jama'a, wanda a ganina shi ne babban abin dariyar da kamfanin nan ya taɓa yi. Mutum zai kira da kukansa, ya ajiye waya yana ba ta haƙuri. Manyanta suka ga koke ya ragu, suka ƙara mata girma. Da ta ajiye aiki sai ta koma koyar da 'yan mata masu neman aikin ofis yadda ake magana da mutane, ta intanet, daga wani ɗan ɗaki da ke jikin falonta. Na taɓa zuwa duba mata firji na tarar tana tsakiyar darasi. Ƙananan fuskoki ne jere a allon kwamfuta, kowace an kashe mata makirofo, maɓallin yana hannun Yaya. Ban taɓa ganin fuskarta a sake kamar ranar ba. Mijinta kuwa, bawan Allah, tun ina saurayi abokaina suka sa masa suna Na'am. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, wataƙila bai samu sararin nunawa ba ne.

Ba zan danne gaskiya ba. Lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye, Yaya ce ta ɗauke ta ta kai gidanta. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ta san lokacin kowace ƙwayar magani. Ni sai da yamma nake zuwa idan na rufe shago, in zauna in danna wa Inna ƙafa. Wannan bambancin kuwa Yaya ba ta taɓa bari na manta da shi ba.

Inna ta yi rayuwarta ne a masaƙa, a gaban inji, inda ko ka yi magana ba mai jin ka, har shiru ya zame mata jiki. Ciwon ya bar mata 'yar murya siririya, kamar ana magana daga ɗaki na gaba, kuma da safe kawai harshenta ke sakewa. Kafin yamma ya yi nauyi, sai dai ido da kaɗa kai. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce idan abin ya sake dawowa, magana ce za ta fara tafiya. A gaban Inna ya faɗa, yana ganin ba ta bin zancen. Muna cikin mota a hanyar komawa ta taɓa kafaɗata daga baya da hannunta mai lafiya, ta ce tana so ta ba mu labarin Baba.

Saura kaɗan in bugi motar gabana. Ban san Baba ba, ina jariri ya rasu. Duk lokacin da na tambayi Inna, sai ta ce Allah ya ji ƙansa, ta tashi ta kama wani aiki. Abin da na sani game da shi daga bakin Yaya na ji, kuma Baban da ke bakin Yaya mutum ne mai canza hali gwargwadon abin da take so in yi. Ranar da na musa mata, Baba ba ya son gardama. Ranar da na ƙi karatun da ta zaɓar mini, Baba ya bar wasiyya a kan karatu. Don haka abin da nake so ɗaya ne: in ji Baba daga bakin Inna, da muryarta, in adana, 'ya'yana su ji bayan ba ta.

“Gobe da safe zan zo da wayata mu ɗauka,” na ce.

“Waya?” in ji Yaya. “Tarihin mahaifinmu za ka naɗa a wayar da kake ɗaukar hoton ruɓaɓɓen firji? Kai dai komai naka na gaggawa ne. Makirofo za a saya, na gaske. Dama ina bukatarsa saboda ɗalibaina, kuma akwai shirin da nake so in fara ɗorawa a intanet.”

Tun daga nan na san makirofon ya samu mai shi.

Shagon yana hawa na biyu a wani rukunin shaguna, matsattse, kwalaye har rufi, wayoyin wuta na rataye ko'ina sai ka sunkuya. Mai shagon wani gajere ne mai gilashi a goshi, ya san aikinsa, sai dai ya fi sanin inda ciniki yake. Ya ciro guda biyu ya ajiye kan kanta. Ya ce dukansu masu bakin USB ne, ka soka a kwamfuta kawai, ba sai an haɗa da wani akwati ba, kuma kowanne yana da hudar da za ka sa abin kunne ka riƙa jin abin da yake ɗauka.

Na farko baƙi ne, gajere, mai nauyi a hannu. “Wannan gabansa kaɗai yake ji,” ya ce. “Kurma ne ta baya da gefe. Fanka, mota, maƙwabta, duk ba ruwansa. Amma sai bakin mai magana ya matso, kamar faɗin tafin hannu.” Na biyun dogo ne, ruwan toka, a tsaye kan gindinsa, da wani maɓalli a baya da ake murzawa. “Wannan kuma kai za ka zaɓar masa. Gaba kawai, ko gaba da baya, ko ɗakin duka. Sai dai ɗan gulma ne, ko yawu ka haɗiye sai ya kai rahoto. Idan mutum biyu ne a teburi ɗaya suna hira, wannan. Idan mutum ɗaya ne a ɗaki mai hayaniya, wancan.”

“To mutum biyu ne,” na ce. “Ɗayar tsohuwa ce, ba ta da lafiya, muryarta...”

“Bari in gwada,” Yaya ta ce, ta miƙa hannu ta karɓi abin kunne.

Ta fara da mai ruwan tokan. Ba ta daɗe ba ta ɓata fuska. Ta ce tana jin ƙarar babura a titi, tana jin fankar shago, tana jin wani na kaɗa makullai, kuma da ta faɗi wannan ni ta harara. Aka sa mata baƙin. Ta matso da baki ta yi sallama. Na ga abin da ya faru da idona: kafaɗunta suka sauka, girarta ta ɗaga, ta yi murmushin da ko ranar aurenta ban gani ba. Ta sake yin sallama. Ta ɗauki kwalin ta fara karanta rubutun jikinsa a hankali, tana jan kalmomi, kamar mai karanta labarai.

“Ranki ya daɗe, idan da tsohuwar za a yi, a bakinta za a sa shi, ba a tsakiyar teburi ba,” in ji mai shago.

Yaya ba ta ji ba. Kunnuwanta biyu a rufe suke, cike da muryarta. Ya sake faɗa, ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, ba ta gama karanta kwali ba. Daga nan mutumin ya auna inda iska ke kaɗawa, ya saki tsohuwa ya kama mai jaka. Tana cire abin kunnen ya ce bai taɓa jin muryar da ta dace da wannan makirofo irin tata ba, ko a gidan rediyo ta yi aiki? Na so in kifa masa kwalayensa a ka. Baƙin ta saya.

A mota na maimaita mata abin da ya ce, kalma da kalma.

“Ni za ka koya wa magana a makirofo?” ta ce. “Lokacin da nake amsa waya ɗari a yini kana ina? Ɗakina yana kan titi, ka sani. In sayi wancan mu ɗauki kukan babura mu ajiye wa jikoki?”

“Muryar Inna ba ta kai ko ta sauro ba, Yaya.”

“Kar ka ƙara kwatanta uwarka da sauro. Tuƙa mota.”

Abin haushin shi ne maganar titi gaskiya ce. Yaya ba ta taɓa rasa dalili mai kyau na yin abin da dama ta yi niyya ba.

Ni na ɗaura shi, don aikin hannu a gidan Yaya nawa ne tun fil azal. Ya zo da wani hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ake maƙalawa a gefen teburi. Ta nuna mini inda take so, ta ɓangaren kujerarta, saboda darasinta. Teburin nan faffaɗa ne, ta gefenta akwai durowoyi, keken marasa lafiya da ake tura Inna a kai ba zai shiga ba sai ta ɗaya ɓangaren. Na ja hannun ƙarfen iya tsawonsa, da ƙyar ya ƙetare zuwa gaban Inna.

Washegari da safe muka turo ta. An yi mata wanka, Yaya ta shafa mata turare ta gyara mata ɗankwali, ta yi kyau har sai da na kau da kai. Na jawo makirofon zuwa bakinta. Inna ta ga baƙin abu na nufo fuskarta, ta zabura, ta sa hannu ta ture shi. Tun da aka rufe mata hanci da robar iska a asibiti ba ta son komai kusa da fuskarta.

“Bari in sauke shi ƙasa kaɗan, ta gefen haɓarta,” na ce. “Za ta saba.”

“Ka ga ka tsorata ta.” Yaya ta kama hannun ƙarfen ta juyo da shi gabanta, cikin sauƙi, kamar dama can nan ne gidansa. “Inna, yi maganarki yadda kika saba, kar ki damu da wannan. Ni zan riƙa tambaya.”

Ta sa abin kunne, amma kunne ɗaya ta rufe. Ɗayan ta zame shi baya, wai kada ya rushe mata ɗauri, kuma tana so ta ji idan an buga ƙofa. Ta danna kwamfuta, ta gabatar da kanta da cikakken suna da muƙaman da ta riƙe, kamar akwai wanda ke ɗakin bai san ta ba. Kujerar da nake kai ta yi ƙara. Ta dube ni. Na yi tari. Ta dube ni. Sai wayata ta yi kuka, wani mai shagon kifi ne firjinsa ya tsaya. Yaya ta tsayar da ɗaukar, ta cire gilashinta.

“Auta, tashi ka tafi wajen aikinka.”

“Labarin ubana ne.”

“Ubanka kai kaɗai? Kai da ko fuskarsa ba ka sani ba? Ka ga Inna ba ta da ƙarfin da za a yi ta sakewa saboda tarinka. Idan na gama zan ba ka naka.”

Inna na kallonmu, bakinta na motsi, ba wanda ya tsaya ya ji. Na fita na buga ƙofa da ƙarfin da hoton bangon falo ya karkace. Na'am yana zaune da jarida, ya tashi ya gyara hoton ya koma ya zauna.

Haka aka yi ta yi, kusan kowace safiya. Ni ina can kwance a bayan firjin mutane, Yaya na nan a rufe da Inna. Da yamma in na zo, Inna ta gaji liƙis, harshe ya yi nauyi. In tambayi Yaya yaya ake ciki, ta ce lafiya lau, an wuce zamanin masaƙa, an zo haɗuwarsu da Baba. In ce ta kunna mini ko kaɗan ne, ta ce sai ta tace, ta sa kiɗa a farko, ba ta ba mutane aikin da bai kammala ba. Ita kanta ba ta saurara ba, ta ce tana wurin aka yi, me za ta saurara? A wannan tsakanin ɗalibanta sai yabon sautinta suke yi. Ta nuna mini saƙonninsu ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar na karanta.

Wata safiya da ba na buɗe shago na yi sammako, na tarar Yaya na banɗaki. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa gaban kekenta, na kunna wayata na ɗora kan cinyarta.

“Inna, gaya mini Baba. Ko kaɗan.”

Ta ɗora hannu a kaina. Ta buɗe baki ke nan Yaya ta shigo da tawul a kafaɗa, idonta ya sauka kan wayar.

“Sata kake yi a gidana?”

“Muryar uwata ce, ba kayanki ba.”

“Ni nake kwana da ita, ni nake tashi da ita, na san adadin maganar da za ta iya a yini. Ka zo ka kwashe, in an shiga ɗauka ta kasa? Kai kullum sai an gama wahala ka zo da hannu a buɗe.”

Na faɗa mata maganganu, ta faɗa mini waɗanda suka fi su, don a wannan fagen ba a kayar da ita. Sai da Inna ta buga hannun keke muka yi shiru.

“Ku bari,” ta ce da ƙyar. “Na faɗa wa abin can na yayarka. Duka.”

Na ɗauki wayata na kashe. Na ji sanyi a raina ma, don na ɗauka maganar tana ajiye a wuri mai kyau.

Ciwon ya dawo wata rana da azahar, Inna na zaune a falo. Ba ta rasu ba. Ta yi kwanakinta a asibiti aka sallamo ta, tana gane mu, tana bin mu da ido, amma ko sunan Allah ba ya fita daga bakinta. Sai bayan ta dawo gida ta kwana biyu na shiga ɗakin Yaya na ce yau ba zan fita ba sai na ji. Ga mamakina ba ta yi gardama ba. Ita ma ta rame, idonta ya faɗa. Ta kira Na'am ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ta kunna.

Muryar Yaya ta cika ɗaki. Wallahi ta yi daɗi, ba ƙarar babur ko ɗaya, ba fanka. Ta yi tambayar farko. Sai shiru, da wani ɗan gunaguni can nesa, kamar ana magana a gidan maƙwabta. Ya daɗe yana tafiya. Sannan muryar Yaya, tangaran: “Wato dai kin sha wahala a masaƙa. To, mu je gaba.”

Ta ƙara sauti. Gunagunin ya zama shuuu, ba kalma ko ɗaya. Ta buɗe na wata ranar, haka. Na wata, haka.

“Lasifikar kwamfutar ce,” ta ce. Ta sa abin kunne, ta cire. “Wannan ɗan gajeren ya cuce ni. Jabu ya sayar mini.”

“Ai muryarki ta fita,” na ce.

Ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan.

Akwai wata mata mai situdiyo da na taɓa gyara wa na'urar sanyaya ɗaki, tallace-tallace take haɗawa. Na kwashi komai daga kwamfutar a ɗan filas na ajiya zan kai mata, Yaya ta ce ƙafata ƙafarta, kada in je in yi bayanin da ba daidai ba. Ɗakin matar ƙarami ne, bangon an lulluɓe da soso, shiru har kana jin numfashinka. Ba ta da yawan magana. Ta buɗe sautin a babban allo ta nuna mana da biro: inda layin ya yi tsalle sama da ƙasa kamar haƙoran zarto, Yaya ce, inda ya miƙe siriri kamar zare, Inna ce. Zaren ya fi yawa nesa ba kusa ba.

“Yaya kuka zauna?” ta tambaya.

Yaya ta yi bayani mai tsawo, har da titi da ɗalibai. Matar ta jira ta gama.

“Kenan tsohuwar na bayansa. Ba ki sa abin kunne ba?”

“Na sa mana. Kullum. Kuma ina jin ta sarai.”

“Duka kunnuwan?”

Yaya ta kai hannu ga ɗaurinta. Ni na amsa, karo na farko a rayuwata da na amsa tambayar da aka yi mata. Na ce ɗaya.

“To da buɗaɗɗen kunnen kike jin ta, a ɗaki,” matar ta ce. “Na rufen ke kaɗai yake kawo miki. Makirofon ba jabu ba ne, Anti. Abin da aka yi shi ya yi, shi ya yi.”

Ta gwada duk dabarunta. Ta ɗaga zaren, ta rage shuuu ɗin, ta sake ɗagawa. Wani lokaci sai ka ji kamar kalma za ta fito, “inji” ko “ruwa”, sai ta nutse. Abin da ya rage mana tsaf shi ne Yaya. Inna za ta yi magana mai tsawon da za ka iya shan shayi ka gama, sannan Yaya ta dunƙule ta: “Wato Baba mutum ne mai haƙuri.” “Wato dai ba ya son gardama.” Da na ji wannan sai da na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Na zo neman ubana, na sake tarar da na Yaya.

Muna shirin tashi matar ta ce mu dakata. A ɗauka ta kusa da ƙarshe, akwai wurin da zaren ya ɗan kumbura. Ta kai can ta kunna.

Aka ji ƙarar keke, irin wadda yake yi idan Inna ta turo jikinta gaba. Numfashi. Sannan muryarta, siririya, a karkace, amma tata, kowace kalma a fili. Ta leƙo ne ta gefen makirofon.

“Ina Auta? Wannan shi nake so ya ji.”

“Zai ji, Inna,” in ji muryar Yaya. “Ai ana ɗauka. Koma ki jingina, kar ki faɗi.”

Keken ya sake yin ƙara. Layin ya koma zare, ya miƙe ya yi ta tafiya, ya fi duk na baya tsawo. A wannan karon Yaya ba ta katse ta ba, ba ta dunƙule komai ba. Wani ɗan sauti ne kawai ke shigowa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas-ƙas, ya tsaya, ya ci gaba.

“Mene ne wannan?” na tambaya.

Matar ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ga ba mafita. “Maɓallan kwamfuta ne. Teburin ne ke kai wa makirofon ƙarar.”

Na juya. Yaya na zaune da jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

“Me ta ce?”

“Ɗalibaina ne suka turo tambayoyi, akwai darasi da rana...”

“Yaya. Me Inna ta ce?”

Na jira. Ban taɓa jiran maganarta ba sai ranar, kuma da ta zo, sai da na sunkuya kafin na ji.

“Na bari ne sai na zo tacewa in saurara,” ta ce.

A allon, zaren bai ƙare ba tukuna. Matar ta kai hannu za ta tsayar, na ce ta bar shi ya kai ƙarshe.